Lugude a Domayo

Shagona a Domayo taku huɗu ne da rabi.
Ina gyaran kwamfuta, ina liƙa waya da dalma.
Astajam, ɗiyar yayata, ta zo da wani lissafi
daga jami'a, ta ce, Kawu, ara mini na'ura.

Na ba ta tsohuwar, wadda na saya gwanjo
a ofishin auduga, jaka goma sha biyu.
Fankarta na tari kamar tsohon mashayin taba.

Ta ce dokar gajeriya ce:
ɗauki lamba, ninka ta da kanta,
ƙara mata ta fari, ka sake, ka sake.
In ta tsere ta haura biyu, shafa mata launi.
In ta ƙi fita, bar ta baƙa.
Kowane ɗigo na allo sai an yi masa wannan shari'a.

Muka zauna. Hoto na saukowa layi-layi
kamar aikin masaƙin da aka riga aka biya.
Na sha shayi uku. Aka kira la'asar.
Sai ga wani baƙin buzuzu mai ƙaho,
a gefensa 'ya'ya, a gefen 'ya'yan jikoki,
kowa da fuskar uban,
irin tsagar ƙasar karal bayan an yanke masakwa.

Na ce, na'urar ce ta tsufa.
Ta ce, rabi ka faɗa.

Tsohuwa ba ta son ɗigo mai yawo,
kowane ɓari na lamba sai ta tsaya tunani.
Astajam ta kafe ɗigon wuri guda,
ta zube mata cikakkun lambobi kamar tsabar kuɗi a faranti,
sai ga tsohuwa ta tattare zane tana sauri.
Shayi ɗaya, hoto ya cika.

Amma da muka kutsa wuyan buzuzun,
sau dubu, sau dubu dubu,
mudun lambobin ya cika ya zuba,
zanen ya koma tubali-tubali.
Ta tsawaita lambobin, ana miƙa ragowa hannu da hannu.
Daidai ya dawo. Gudu ya tafi.

Ran Laraba wani likita ya bar tasa a gyara madanni.
Allah ya yafe mini, mun are ta dare ɗaya.
Firosesarta zuciya takwas,
mata takwas a turmi guda, lugude,
taɓarya ba ta karo da taɓarya.
Kafin in hura gawayi hoto ya fito.
Sai dai wadda aka bai wa yankin baƙi
ta daɗe tana daka ita kaɗai,
bakwai sun riƙe ƙugu suna kallonta.
Astajam ta yi tsaki, ta yayyanka aikin ƙanana,
duk wadda ta gama ta ɗebi wani.

Likita ya karɓi abarsa ran Juma'a,
yana yaba mini yadda ta yi ɗumi.

Sannan yarinyar ta zo da dabarar madugu:
ɗigo ɗaya tak za a bi da dogayen lambobi
har ƙarshen hanya,
sauran ayari kowa ya auna tazararsa da shi,
da gajerun lambobi masu araha.
Muka koma wa tsohuwa.
Ta yi tari, ta ɗau zafi,
na ɗora ta kan duwatsu biyu ina mata fifita da kwali,
ta nutsa, ta nutsa,
har inda mata takwas suka tsaya haki shekaranjiya.

Saura layi tara aka ɗauke wuta.

Ban ce komai ba. Ita ce ta yi dariya a duhu,
ta haska waya, ta rubuta adireshin wurin a tafin hannunta,
lamba talatin da ɗaya bayan ɗigo.

Na raka ta gida ta busasshen Mayo Kaliyawo.
A yashi akwai sawun ruwan bara,
reshe, da reshen reshe, da nasa reshen.
Ta dunƙule hannu har ƙofar gida
kada gumi ya cinye mata lamba ta ƙarshe.